Kwanan Daudawa da Na Ɓoye Maki

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Wagga takarda daga ni ce, uwarki Barira mai daudawa, zuwa gare ki Sahura, autata. Ba ni ke riƙe da bik ɗin rubutu ba, kin san ƙahwata ba ta taɓa taka lakol ba sai ran da na kai ki karatun boko. Madam Rakiya ce ke rubutawa, wadda ta koya maki baƙi tun kina aji na hwarko. Ga ta zaune bisa 'yar kujerata a inuwar rumbu, da kaye, littahin rubutunta, bisa gwiwa. Na ce mata ta sa yadda na hwaɗa, kada ta gyara mani harshe, ni ba 'yar ajinta ba ce. Ta ce to. Mu gani.

Ina gaishe ki, gaisuwar uwa. Allah shi kai ki Maraɗi lahiya, shi tsare ki da sharrin mota da sharrin mai tuƙa ta, shi haɗa ki da maƙwabtan kirki a ɗakin da kinka kama. Yanzu kina Agiye wurin bankwana da ƙawayenki, kin ce sai la'asar za ki dawo. Kahin nan nike so mu gama. Zan sa takardar nan ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwa. Madam za ta gaya maki kada ki buɗe sai motarku ta wuce Cadawa.

Za ki ce, Inna, mi ya hana ki hwaɗa mani da baki, ga ni ga ki kwana da kwanaki? Kunya ce ta hana. Za ki ce to mi ya hana ki sa mani murya cikin talho, wayar hannun nan, kamar yadda kowa ke yi? Ni da sa bakina ga talho har abada. Za ki ji dalili.

Sahura, ban raina sana'arki ba, ki hwara da sanin wannan. Na ga shekara biyu da kinka yi zaune bayan kin gama karatu, kina ɗaukar takardunki buro buro, ofis ofis, neman aiki, ana ce maki ki dawo wata mai zuwa. Na ga yadda kinka rame kamar karan bara. Ran da kinka ce mani kin buɗe wani abu wai shi bulog, na ce mi ne ne kuma? Kinka ce runhwa ce, Inna, amma cikin talho take, ba kara ba inuwa. Kina rubuta ma mutane labarin girkinmu na ƙauye kyauta, su taru su karanta, wanda ke son koyo sosai shi biya ta talho, ki tura mashi 'yar takardar da ba a taɓa ta da hannu, da muryata ina kwatantawa. Na yi dariya har na ƙware. Na ce wa zai sayi zance? Ashe za a saya. Matan Damagaram sun saya, na Tawa sun saya, kin ce har wata daga Kano, har wata da ke aure ƙasar Larabawa tana marmarin miyar gida. Katihwar da nike kwance bisanta daga nan ta hito. Maganin idona daga nan ya hito. To ki riƙe wannan, ni ma na ci.

Abin da anka hi saye a runhwarki shi ne koyon daudawar batso. Shi ya yi maki suna, shi ya ba ki ƙarhin halin tashi zuwa birni inda rezon talho ba shi ɗaukewa. Kuma cikinshi akwai rami. Ni na gina ramin, da sanina.

Madam ta ɗaga kai tana kallona. Rubuta, Rakiya, ai ke ce kinka matsa.

Bari in koma baya, don ki san inda abin ya samo. Ni wurin Gwaggo Tsahara na koya, ƙanwar ubana, ba ki tarar da ita ba. Shekara ukku ina hura mata wuta. Ni ke sheƙe gurguzu, 'ya'yan sure, yakuwar nan, in tsince tsakuwa, in wanke, in aza tukunya tun da sahe ta yini tana tahwasa har ƙwayar ta yi laushi ta murƙushe tsakanin yatsa biyu. Ni ke ƙone karan hatsi in tace ruwan toka. Na ga ana ruhe tukunya ta kwana biyu, na ga ana daka, na ga ana shanya. Na ce ai na iya. Da na yi aure na yi tawa ta hwarko, tiya huɗu ta gurguzun da na noma da hannuna a bakin gonar ubanku. Ta hito hwara-hwara, tana marmashewa, ba ƙanshi sai tsami, kwana kaɗan ta yi hurhura. Na ɗauko ta cikin ƙwarya, na taka da ƙahwa har gidan Gwaggo, ina kuka kamar an yi mani mutuwa.

Ta leƙa ƙwaryar ta tuntsire da dariya. Ta ce, “Barira, wannan ko kajina ba su ci. Yau kinka zo koyo, da can hura wuta kike.”

Sannan ta ja ni bayan rumbu ta nuna mani abin da shekara ukku take yi sai ta aike ni rijiya. Akwai kwana guda da ba ta taɓa bari na gani ba.

Na ce, “Gwaggo, don mi kinka bar ni na yi hasara?”

Ta ce, “Abin da anka zuba maki a kunne da yamma, da sahe ya zube. Abin da kinka biya da tiya huɗu, har kabari kina tare da shi. Ni ma haka anka yi mani.”

To kin ji al'adar. Duk mai daudawar da na sani a ƙasar nan haka take koyarwa. Ana hwaɗin komi a bar na ƙarshe. Mai koyo ta je ta ɓata tata, ta dawo da ita a hannu, a yi mata dariya, a nuna mata, a cika mata ƙwarya da mai kyau ta koma gida. Ba mu ɗauke shi zalunci ba, don gidanta na nan, gidanki na nan, hanya ɗaya ce. Dawowar ita ce rabin karatun.

Amma Allah ya nuna mani aya tun kahin a haihe ki, ban ɗauka ba. Wata mata ce, Habsu, daga wajen Gangara. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, wani ya ce mata ta zo wurina. Ta kwana biyar gidanmu. Mace mai kunya, ko tuwo sai an yi ta roƙonta take ci. Na koya mata, na bar na ƙarshe yadda anka saba. Ran da za ta tahi ta durƙusa har ƙasa tana sa mani albarka, ni ko cikin raina ina cewa sai kin dawo da ƙwaryarki. Na ware mata mai kyau na aje cikin tukunya ina jiranta. Wata ya wuce, wani ya bi. Ba ta dawo ba. Sai na ce ma kaina ƙila ta gano da kanta, ƙila wata ta nuna mata. Na kai tata kasuwa na saida. Sai bayan shekara na tambayi wata 'yar garinsu. Ta ce, “Habsu? Ai gurguzunta duka ta zuba sau biyu ya lalace. Ta ce hannunta ne ba shi da albarka. Ta kwashi 'ya'yan ta tsallaka Najeriya aikatau.”

Ka san mi na ce, Sahura? Rakiya ta ce “kin san” zan ce, mace nike ma magana. To gyara wannan, ban hana ba. Kin san mi na ce? Na ce laihinta ne da ba ta dawo ba. Shekara talatin ina hwaɗin haka cikin raina. Ban taɓa lissahin nisan Gangara ga mace mai goyo da ba ta da jaki ba. Ban taɓa tuna mai kunyar cin tuwon gidana ba za ta iya ɗauko ruɓaɓɓiyar daudawa ta ratsa gari da ita ba.

Ga abin da zan gaya maki a nan. Kina ce mani ba wanda ya taɓa kawo maki ƙara a runhwarki, sai godiya. Kada shirun nan ya ruɗe ki. Mace in abu ya lalace mata, kanta take hwara zargi, ba mai koya mata ba. Masu gode maki ran saye suke godewa, kahin su aza tukunya. Ki bi su. Bayan sati biyu ki tambayi kowace, ƙaƙa ta hito? In ta ce lahiya lau, ki ce ta hwasa guda ta ɗauka maki hoton cikinta.

Kuskurena na biyu ke ce. Yayyenki mata duk sun sha hayaƙi, da ɗaya daga cikinsu ce ta ɗauki muryata da tun ban ruhe baki ba ta ce, Inna, kin tsallake. Ke ce kaɗai na kora daga bakin murhu. Kin tuna ran da kinka dawo lakol kina kuka, wai 'yan ajinku sun ce a buɗe taga 'yar mai batso ta shigo? Rakiya ta tuna, ta ce ita ta zane su. Tun ran nan na rantse ƙamshin nan ba shi ƙara taɓa rigarki. In na buɗe tukunya in ce ki ɗauki kayenki ki tahi gindin bedi. Kayanki daban nike shanya su, can bayan gida. Na yi zaton na tsamo ki. Sai ga shi duniya ta juyo, karatun bai ba ki buro ba, batson da na raba ki da shi shi ke ciyar da ke, kuma ba ki san shi ba sai a takarda. Kin iya rubuta shi da Hausa da Hwaransanci, kin iya ɗaukar shi hoto har mutum shi ji yunwa, amma ba ki taɓa dama ruwan toka da hannunki ba.

Don haka kada ki ƙara saida abin da hannunki bai yi ba. Na ji kina lissahi da ƙawarki, wai in kin zauna Maraɗi za ki ƙara da koyon yin sabulu, na kiwon rago, na ajiyar wake, na ƙuli-ƙuli, za ki bi tsohi ƙauye ƙauye ki ɗauki muryarsu. Sahura, kowace tsohuwa da za ki aza ma talho a baki tana da nata kwanan da za ta ɓoye. Ba don mugunta ba, haka anka koya mata. Za ta yi maki murmushi, ta ce shi ke nan ɗiyata, kuma ba shi ke nan ba ne. Ki zauna gidanta daga hwarkon aikin har ƙarshenshi. In ta aike ki rijiya, kada ki je. Ki koma ɗakinki ki yi da kanki, shi lalace a hannunki, ki koma mata da ƙwarya. Sannan ki rubuta. Na san wannan zai cinye maki wata ukku a abin da kike yi cikin kwana ukku, kuma na san waɗanda ke gasa da ke ba su jira. Ban da amsar wannan. Koyon haɗa maganin ciwo ko, kada ki taɓa shi ko an roƙe ki. Daudawa in ta lalace zubarwa ake yi, mutum ba haka ba.

Yanzu ran da kinka ɗauki muryata. Kin shimhiɗa mani tabarma nan inda muke zaune, kin kori kaji, kin ce in yi magana kamar da ɗiyata nike. Na bi komi daki daki, ban rage ba, har irin karan da ake ƙonawa. Da na kai wurin daka, na ce, “In kin daka ta yi laushi, sai ki cura ki shanya.” Bakina ne ya tsallake da kanshi, kamar jakin da ya san hanya. Na ji tsallaken. Ina iya komawa. Kinka ce, “Shi ke nan, Inna?” Na ce shi ke nan.

Na gaya ma kaina ai za su dawo. Haka kawai, za su dawo da ƙwarya in nuna masu. Su dawo ina? Wace hanya za ta kawo matar Tawa ƙohwar gidana? Ko sunan garinmu ba ki sa ba, don kada a dame ni. Ban yi wannan tunanin ba sai daga baya. Kuma tunda yau ranar gaskiya ce, Rakiya ki sa wannan ma, akwai rowa ciki. Na ga abin da na sha shekara ukku ina hura wuta kahin in samu, wata za ta same shi tana kwance bisa gado tana danna gilashin talho. Raina bai so ba. Na ce bari in rage wani abu da zai zama nawa. Tsohuwar da ko tukunya ba ta iya ɗagawa yanzu, mi za ta yi da shi? Ga shi nan ina riƙe, ba ya ci ba ya sha.

Kina yawan hwaɗa mani daɗin sana'arki, wai kayanki ba su ƙarewa. Ni in na kai kwando kasuwa na saida, sai in dawo in sake aza tukunya. Ke ko sau ɗaya kinka yi, ko mutum nawa sunka saya shina nan yadda shike. Na yi ta jin daɗin zancen nan. Ban lura ramin ma ba shi ƙarewa ba. Habsu mutum ɗaya ce, sau ɗaya na cuce ta. Yanzu ko ina barci ina cuta, ina salla ina cuta. Duk sa'ad da wata ta danna, sai in buɗe baki in ce mata ki cura ki shanya. Kuma kin ce suna tura ma juna kyauta, har kina hushi. Ke kanki ba ki san inda muryar ta kai ba.

Yadda na gane, ga shi. Bayan an gama girbi Rakiya ta ce in raka ta kasuwar Cadawa, in ga likitan ido a hanya. Muna ratsa layin masu kayan miya sai na ga wata yarinya da goyo, ta jera daudawa bisa tire, ƙuda ma bai damu da ita ba. Kin san hancina ya mutu tun zazzaɓin bara waccan, shi ya sa na bar sana'a. Amma ido da yatsa suna nan. Na duƙa na ɗauki guda na hwasa. Cikinta hwari, tana zuba kamar busasshen tuwo. Irin tawa ta tiya huɗu sak.

Rakiya ce ta ce, “Ƙanwata, wa ya koya maki wannan aiki?”

Ta ce, “Wata tsohuwa ce cikin talho, Hajiya. Saye na yi, ba kyauta ba.” Da alhwahari ta hwaɗa. Ta kwance bakin zanenta ta ciro talho mai tsagaggen gilashi ta danna. Sai ga ni. A tsakiyar kasuwar Cadawa, tsakanin mai kuka da mai barkono, ina cewa bismillahi, ɗiyata, ki hwara da sheƙe gurguzunki. Har zakaran gidan nan ya yi cara ciki.

Rakiya ta buɗe baki za ta ce ga ta nan. Na kama naman hannunta na murɗe.

Sai Rakiya ta ce ma yarinyar, “To in tsohuwar ta iya, ƙaƙa taki ta hito haka?”

Yarinyar ta ce, “Wallahi ni ce, Hajiya. Wannan karo na ukku ke nan. Akuyata na saida na sayi gurguzu. Maigidan ya ce in don wannan ne gara in riƙa dahwa mashi tsakuwa, ko ba komi ba ta tsami.” Ta yi 'yar dariya. Ta ce, “Na saurare ta har na hardace. Wani wuri ne nike kuskurewa, ban gane ba. Ita kam ba ta ƙarya, ji muryarta, kamar ta uwata.”

Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Iya, ke da kinka ga jiya, duba mani mana, mi ya rage?”

Sahura, baki ɗaya ne. Numhwashi ɗaya ya isa in hwaɗa mata. Amma in na yi magana za ta gane muryar, ga ta nan tana tashi daga hannunta. Za ta san tsohuwar da ke kama da uwarta ce ta ci akuyarta, masu kayan miya duk za su ji, kahin la'asar zancen ya kai Agiye, sunanki ya bi. Na nuna maƙogwarona da yatsa, na girgiza kai, wai murya ta dishe. Ta ce, “Wayyo, sannu Iya, Allah shi sawwaƙe.” Ta ɗauki ƙulli biyu ta sa mani a hannu, ta ce in je in ɗanɗana ko ba daɗi. Ta ƙi karɓar komi.

Da munka sauka daga mota Rakiya ta ce, “Inna Barira, na zane yara da yawa kan ƙarya, ban taɓa ganin irin wagga ba, da ba a buɗe baki ba.” Ta nuna mani hannunta, ya yi shati. Har yau tana nuna mani.

Kasuwa ta gaba na koma, ni kaɗai, na yi niyyar in hwaɗa ko mi zai hwaru. Mai albasa na tarar a wurin. Na tambayi na kusa, sunka ce mai goyon nan? Ba 'yar nan ba ce, daga wani ƙauye take zuwa bisa amalanke, ta ce ta bari. Ba wanda ya san sunanta. Na koma sau biyu bayan nan. Ƙullin nata biyu suna cikin tukunyar da na taɓa aje ma Habsu.

Kada ki yi irin tawa. In kin ga ɓarnarki tsaye gabanki, ki yi magana nan take, tun mai ita ba ta naɗe tirenta ba. Na ce sunanki nike tsarewa. Rabi gaskiya ne. Rabin kuma huskata ce.

To ga abin da na ɓoye. Rakiya, danna bik ɗin da kyau. In an daka da ruwan toka, ba a shanyawa. Ana maida ta cikin tukunyar da ta hito, ba a wanke tukunyar. A danne ta da bayan hannu har ba sauran iska, a ruhe da ganye, a aza murhi, a lulluɓe da tsohon zane, a kai ta wuri mai ɗumi inda iska ba ta bi. Ta ƙara kwana. Da zahi kwana ɗaya, da sanyi ta kan nemi biyu. Nan take yin baƙi, nan take kama jikinta, nan take zama daudawa. Kwanan hwarko na gurguzu ne, na biyu shi ne nata. Sannan a cura a shanya. Shi ke nan. Wannan karon da gaske shi ke nan.

Kin ga ko layi biyar bai cika ba. A kan wannan Habsu ta bar ƙasarta.

Roƙona gare ki, ki sa shi a runhwarki a hili, inda ba a biya, ki tura ma duk wadda kike da lambarta. Kuma kada ki ce ƙarin bayani ne, kada ki ce sabon sirri ne ki saida. Ki ce uwata ta ɓoye, ni ban sani ba, hannunku lahiya lau shike. Wannan na ƙarshen shi na hi so su ji. Na san abin da nike roƙo. Kin kama ɗaki, kin sallami gida, abin da za ki ci a Maraɗi amanar matan nan ce, ni kuma ina ce maki ki tsaya gabansu ki ce abin da sunka saya da rami. Wasu za su zage ki. Wasu ba su ƙara sayen komi naki. Ƙila runhwar ta hwaɗi, ki dawo nan ki zauna gindin bedi kamar da. In kin ƙi ba zan yi maki baki ba, ni da na kasa buɗe nawa gaban mace ɗaya ba ni da ta cewa. Kuma ko kin yi, ban sa rai shi kai ga mai goyon nan ba. Gyara ba shi gudu kamar ɓarna. Ina jin zan mutu in bar muryata tana yawo cikin zannuwan mata tana cewa ki shanya, kuma ran tsayuwa ban san su nawa za su taso mani ba, ko huskarsu ban sani ba balle in nemi yahiya.

Ke dai ki yahe mani. Na sa ki saida ƙarya da hannunki mai tsabta.

Allah shi tsare ki, autata. Shi tsare ki a hanya da masauki, shi ba ki abincinki ta halal ko kaɗan ne, shi raba ki da abokin da zai ce kowa ma haka shike yi. Ki riƙe salla. Ki ci abinci, kada ki yini kan gilashin nan da shayi kaɗai. Ki gaida matar kawunki in kin je, ki kai mata kukar da na ɗaure. Allah shi sada mu da alheri, in da sauran kwana.

Rakiya ta ce wai in kwana ɗaya ne ko biyu, ƙaƙa mace za ta san ta kai? Kin ji tambayar 'yan lakol. Ai buɗewa za ki yi kaɗan ki sa hanci. In ba ta kai ba za ki ji, in ta wuce za ki ji. Ta ce za a ji mi? To. Ba wari ba ne, ko da shike wanda bai sani ba wari zai ce. Akwai wani abu da ke tasowa bayan warin, shi daki nan, saman hanci. Kamar, tsaya. Gwaggo ba ta hwaɗa mani ba, kaina ta kama ta tura cikin tukunya ta ce, kin ji? Na ce na ji. Ta ce to kada ki mance. Kamar ƙasa in... a'a, ba haka ba. Kamar ɗakinta da sahe. Sa haka. A'a, goge, wa ya san ɗakinta. Da hancina na nan da na aza tukunya yau na kama kanki na tura. Shekara ashirin da shidda kina gidan nan ina buɗe tukunya ina ce maki tahi gindin bedi.

Bari in tuna. Yanzu zai zo.

Na gaji, Rakiya.

Sahura, ni ce Madam. Nan ta tsaya. Na jira da bik a hannu har inuwar rumbu ta kai bakin zaure, tana zaune ta ruhe ido tana jan iska da hanci a hankali. Na bar maki layi ukku a ƙasa ba rubutu.